Wa Ya Ɗauki Kayan? Darasi Kan Aikin Ƙarfi, Daga Ramin Kuza Zuwa Iyakar Jibiya

Daga wani ɗalibin ND II, Sashen Injiniyancin Kanikanci



Ni ɗan Jibiya ne. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magama, inda manyan motoci kan yi layi kafin su tsallaka zuwa Ɗan Issa ta ƙasar Nijar. A nan yayana yake aikin dako tun ina firamare. Kuɗin fom ɗina, kuɗin rajista, har kalkuletar da nake shiga jarrabawa da ita, duk daga gadon bayansa suka fito.

A hutun da ya wuce, wata asuba ya sunkuya zai ɗauki buta ya yi alwala, sai ya kasa miƙewa. Mutumin da ke saɓa buhun masara mai kilo 100 ya taka katako da shi har cikin tirela, buta ce ta kwantar da shi. Sati uku bai fita ba. Innarmu ta ce jifa aka yi masa, abokan aikinsa suka ce sanyi ne ya shige shi. A asibiti kuwa aka ce faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya bulluƙo yana danne jijiya. Ni ina zaune gefen tabarmarsa, sai wata lakca ta ND I ta dawo mini, wadda na haddace don cin jarrabawa kawai ban taɓa tunanin gidanmu take nufi ba. Za mu zo kanta.

Abin da nake so mu duba tare shi ne wannan: aikin da ke cin jikin mutum ba daga sama yake faɗowa ba. Sau da yawa akwai wanda ya zauna da biro ya yi lissafi, ya ga ɗan Adam ya fi inji araha. Gobe kuma mu ne za mu riƙe wannan biron.

Yadda abin ya faro a Turai

Idan ana koya mana juyin juya halin masana'antu da ya faro a Ingila cikin ƙarni na 18, injin tururi na James Watt da masaƙun Mancesta ake nuna mana. Ba a cika nuna mana waɗanda suka yi aikin ƙazanta da haɗari a bayan injunan ba.

Akwai yara ƙanana da ake turawa cikin bututun hayaƙi na gidaje su kankare kunkunniya da hannu. Wasu su maƙale su mutu a ciki. Tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya gano cewa kunkunniyar nan ce ke jawo wa masu wannan aiki ciwon daji a fatar maraina. A 1803 wani mai suna George Smart ya ƙera buroshi mai dogayen sanduna da zai yi aikin ba tare da an cusa yaro ba. Amma ba a daina tura yara ba sai bayan dokar 1875. Shekara saba'in da ɗoriya, inji na nan, yaro na nan, yaron aka zaɓa.

A ramukan kwal, mata da yara kan ja akwatin kwal da rarrafe, da sarƙa ɗaure a ƙugu, har sai da dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara goma shiga ƙarƙashin ƙasa. A masana'antun ashana kuwa, farin sinadarin fosfaras na ruɓar da muƙamuƙin ma'aikata. An san akwai jan fosfaras da ba ya yin wannan illa, sai dai ya fi tsada. 'Yan matan kamfanin Bryant & May na Landan sun yi yajin aiki a 1888, amma sai 1910 haramcin farin ya fara aiki a Ingila.

To, ina ruwanmu da Landan? Ai waɗancan masana'antu ba iska suke ci ba. Auduga suke so, da gyaɗa, da fata, da kuza. Neman waɗannan ne ya kawo lissafin har ƙofar gidanmu.

Zamanin diga

A 1907, lokacin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. Ku tuna fa, babu katafila, babu girada, babu tifa. Diga ce da shebur da kwanon sarki. Duk tudun da aka sare, duk kwarin da aka cike, a kan kawunan mutane ƙasar ta bi. Ma'aikatan kuma da yawansu ba su suka kawo kansu ba. Bature ya faɗa wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. 'Yan sulallan da aka biya su, mafi yawa haraji ya maida su inda suka fito. Abin ya shiga ran mutane har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Jirgin da ya hau wannan layi kwal yake ci, kwal ɗin kuwa daga baya a ramukan Inugu ake haƙo shi. A can ne ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙan Iva Valley wuta saboda rikicin haƙƙoƙinsu, suka kashe mutum 21.

Diban gwamna

Labarin da ya fi kusa da ni shi ne na kuza. Kafin jirgi ya kai Jos, a ka ake ɗaukar kuza, tafiyar kwanaki, har Loko a bakin kogin Binuwai, sannan a sa ta a jirgin ruwa. Sai a 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos da Bukuru. Amma a cikin ramukan, kwanon sarki bai gushe ba.

A farkon 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Sai ido ya koma kan Filato. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930 ta hana aikin tilas, amma ta bar ƙofa ga halin yaƙi, ta nan aka bi. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar manoma daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza. Masana tarihi sun ƙiyasta kusan mutum dubu ɗari. Mutanenmu suka sa wa abin suna diban gwamna.

Kakana, wanda muke ce wa Baba Tsoho, yana cikin waɗanda aka ɗiba, yana saurayi. Ya rasu ina aji huɗu a firamare, amma ban manta tsakiyar kansa ba. Gashi ba ya fita a wurin, fatar ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Mukan taɓa muna dariya, shi kuma ya ce, «Ku taɓa da kyau, hular Bature ce.» In dare ya yi, yakan ba mu labari: an kai su Funtuwa, aka sa su a jirgi, aka sauke su inda ko sunansa ba su sani ba. Daga wayewar gari zuwa yamma, ka sauka rami, a cika maka kwano da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka hau, ka zubar, ka dawo, heluma na tsaye yana ƙirga. Yakan ce, «Aikin ga mun iya shi, mu manoma ne. Abin da ya kashe mutane ɗari ne da yunwa. Riga guda muka tahi da ita, ga ruwa kullum, bukka tana yoyo.» Su biyu aka ɗiba daga unguwarsu. Shi kaɗai ya dawo, da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da Bill Freund ya tattara a littafinsa kan mahaƙar kuza ta Najeriya, wanda ya fito a 1981: sanyin Filato, ƙarancin abinci, munanan makwantai, cututtuka, da gudun ma'aikata. Wasu samarin yankinmu da suka ji ana diba sai suka tsallaka ƙasar Faransi. An gudu ba a tsira ba, don can ma aikin tilas ake yi, ba a soke shi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilun 1946.

Yau in ka je Bukuru ko Barikin Ladi, za ka ga manyan kududdufai cike da ruwa. Ramukan kuza ne. Kuzar ta tafi Ingila, ramin ya zauna.

Daga dalar gyaɗa zuwa Magama

Muna alfahari da hoton dalar gyaɗa ta Kano, kuma ya kamata. Mun san sunan Alhassan Ɗantata da sauran manyan 'yan kasuwar wancan zamani. An ce dala guda kan ci buhu har 15,000. Amma ka taɓa tambayar kanka yadda buhun da ke can ƙololuwa ya hau? A kan wani ya hau, wanda ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma bai taɓa zuwa birnin Katsina ba, balle Jibiya. Saboda haka gyaɗar Maraɗi da ta ƙasar Katsina a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, take bi zuwa tashar jirgi. Duk inda kaya ya sauya abin hawa, sai an sauke an kuma lodawa. Wannan ne asalin sana'ar da yayana ya gada.

Har gobe haka abin yake a Magama da kasuwar Jibiya. Masara da siminti da taki su yi arewa, wake da aya da albasa su yi kudu. Bari mu ƙirga. Tirela mai ɗaukar tan 30, buhu 600 ke nan masu kilo hamsin-hamsin. In mutum goma suka kama ta, kowa buhu 60, wato tan uku a bayan mutum ɗaya. Ran da kasuwa ta yi kyau suka yi mota biyu, tan shida. A rana tsaka, a kan katako mai lilo, da silifas. Kuma kan buhu ake biya, ba kan awa ba, don haka wanda ya tsaya hutawa abincin 'ya'yansa yake ragewa. Nan ne tiramol ke samun ƙofa. Ba na kare shaye-shaye, amma in ka ga lebura na haɗiyar ƙwaya da shayi tun da safe, kafin ka zage shi tambayi bayansa. Ƙwayar ba ta warkar da komai, ƙararrawar da jiki ke kaɗawa kawai take kashewa.

Lissafin da na yi muku alkawari

Ga lakcar da na tuna. Momen, wato ƙarfin juyi, shi ne nauyi sau nisa. Kowa ya san da doguwar sifana noti ya fi saurin kwancewa. To, ƙashin bayan mutum ma haka yake aiki, sai dai an ba shi gajeriyar sifana. Tsokar da ke riƙe baya tana da nisan kimanin santimita biyar ne kacal daga tsakiyar faifan da ke ƙasan baya.

Ɗauki buhu mai kilo 50. Nauyinsa 50 sau 9.8, wato niyutan 490. In mutum ya sunkuya ya ɗaga shi yana da nisan santimita 40 daga ƙugunsa, momen ya zama 490 sau 0.4, wato 196. Don kada ya kife, dole tsokar baya ta ja da ƙarfin 196 raba 0.05, wato niyutan 3,920. Kamar an ɗora wa faifan nan kilo 400 ke nan. Ba mu ma sa nauyin ƙirji da kai da hannuwan mutumin ba.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ɗauki niyutan 3,400 a matsayin iyakar matsin da ya kamata faifan ƙasan baya ya sha, kuma ta sa kilo 23 a matsayin nauyin da za a ɗaga in komai ya daidaita. Ita kuwa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a shawararta ta 1967, cewa ta yi kada a ɗora wa babban namiji fiye da kilo 55. Ku kwatanta da buhun masararmu mai kilo 100.

Yanzu maido buhun kusa da jiki, santimita 20. Lissafin ya koma 1,960, rabi ke nan. Abin mamaki, 'yan dako sun san wannan ba su taɓa shiga aji ba. Shi ya sa mutum biyu ke cicciɓa buhu su ɗora wa na uku a kafaɗa ko a ka, inda nauyin zai bi miƙaƙƙen ƙashin baya. Dabara ce mai kyau, amma wuya da gwiwa ne ke biyan bashin, kuma santsi ɗaya a kan katako ya isa. Ba buta ce ta kwantar da yayana ba. Buhunan shekara goma sha biyar ne, buta ta zo ta cika mudu.

Wanda ido ba ya gani

Nauyi dai ana ganinsa. Ƙura ce macijin ƙaiƙayi. Mai sauke siminti yakan fito fari fat, ya yi tari ya ce mura ce. Siminti na cin fata in ya haɗu da gumi, ƙurar dutse kuma na taruwa a huhu ba ta fita. Yaran da ke zuƙar fetur da baki ta tiyo don cika jarka, kuskure ɗaya ya shiga huhu, sai asibiti.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen wannan. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a busashe cikin gidaje, da irin injin da muke niƙa hatsi. Yara sama da 400 suka rasu. Daga cikin matakan da aka ɗauka bayan haka akwai fitar da niƙan daga gari da kuma yin sa da ruwa don ƙura ta kwanta. Ku lura, wannan ba ilimin zuwa wata ba ne. Abin da ɗan ND zai iya zanawa ne.

Ina doka?

Muna da Dokar Masana'antu ta 1987, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Matsalar ita ce ɗan dako ba shi da takarda. Mai kaya na Maraɗi, mai mota na Kano, ɗan kamasho ne ya kira shi, kuɗi hannu da hannu. Ran da ya faɗi, abokan aikinsa ne ke yin karo-karo. Haka aka yi wa yayana, Allah Ya saka musu.

A wurin da na yi SIWES, wani kamfani ne da ba zan kama suna ba, na tarar da bel ɗin da ke hawa da buhuna ya lalace tun kafin zuwana. Na duba, biyarin biyu ne da wani ɓangaren bel. Na tambayi ogan da ke kula da mu me ya hana a gyara. Ya yi dariya ya ce, «Kai yaro, kuɗin gyaran nan zai biya leburorin nan wata nawa, ka sani?» Hular kwano da takalma kuwa suna kulle a sito, ran da baƙi za su zo ake raba su. Na yi shiru, ina tsoron a ƙi sa mini hannu a littafi. Har yau shirun nan na damuna. Lissafin da aka yi wa yaran bututun hayaƙi a Landan, da Baba Tsoho a Filato, shi ne na ji da kunnena.

Matakai biyar

Masana kare lafiyar ma'aikata sun jera hanyoyin magance haɗari daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Ku riƙe jerin, zai yi muku amfani a jarrabawa da wurin aiki.

Na ɗaya, kawar da haɗarin gaba ɗaya. In an gina dakali daidai tsayin bayan tirela, babu sauran hawa katako.

Na biyu, musanya shi da mai sauƙi. Buhu mai kilo 50 ko 25 a maimakon 100. Niƙa da ruwa a maimakon busasshe.

Na uku, sa dabarar injiniya tsakanin mutum da haɗarin: baro, amalanke, gangara mai rola, kurar ɗaga kaya mai sarƙa, murfi a kan bel da fanka mai zuƙe ƙura.

Na huɗu, gyara tsarin aiki: hutu, karɓa-karɓa, ruwan sha da inuwa, kauce wa tsakar rana a watannin bazara, da koyar da sabon shiga.

Na biyar, kayan kariya: takalmi, safar hannu, takunkumi, hular kwano.

Mu a nan daga na biyar muke farawa, a nan kuma muke tsayawa, saboda shi ya fi araha kuma shi ke fita a hoto. Alhali hular kwano ba ta rage wa buhu ko giram ɗaya.

Tambayar da yayana ya yi mini

Da na gama zuba masa wannan bayani yana kwance, sai ya dube ni ya ce, «To Malam injiniya, in ka kawo injin da ka ɗaukar kaya, mu mu ci mi?»

Wallahi ban da amsa a lokacin. Kuma yana da gaskiya, don ya ga rashin aiki da idonsa. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A waɗannan lokuta Magama ta yi tsit. Wasu suka koma ɗaura jarkokin fetur a babur suna ratsa daji da dare, ga haɗarin wuta, ga 'yan bindiga. Wanda ya ga haka, in ka ce masa buhu na da illa, kallonka kawai zai yi.

Na yi ta juya maganar. Abin da na fahimta shi ne, ba kowane inji ne ke korar mutum ba. Akwai wanda ake sayowa don a sallami mutum goma, akwai wanda ake ƙerawa don mutum goman nan su kai shekara sittin da bayansu. Bambancin yana ga wanda ya tsara shi da wanda ya mallake shi. Amalanken da ƙungiyar 'yan dako ta saya da kuɗin karo-karonta ba zai kori kowa ba.

Shi ya sa na sauya firojet ɗina. Ni da abokaina biyu muna ƙera ƙaramar amalanke mai ɗaukar buhu biyu, da gangara mai rola da za a jingina a bayan tirela, duk da ƙarfen da kowane mai walda a Jibiya zai samu. Na farkon da muka kai gwaji kunya muka sha. A simintin wokshof yana gudu kamar me, da ya taka yashin Magama sai ƙananan tayoyin suka nutse. 'Yan dako suka yi ta dariya. Wani dattijo a cikinsu ya zagaya shi sau biyu ya ce, «Yaro, sa mashi tsohuwar tayar babur, kuma ka ɗaga hannun ga, ya yi ƙasa, sai mun duƙa.» Gyara biyu cikin minti ɗaya, waɗanda mu uku da zanenmu ba mu hango ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Bayan fiye da shekara ɗari da zamanin diga, jirgi zai zo garinmu. Za a yi lodi, za a yi sauke. Wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla su ne za su zama sufabaiza a irin waɗannan wurare, wasu a ma'aikatu, wasu a wuraren gini.

Roƙona kaɗan ne. 'Yan Sibil, in kuna zana sito, ku zana masa dakalin lodi. 'Yan Akanta da Bizines, in kuna lissafin kuɗin gyaran inji, ku buɗe layi ga lafiyar wanda zai maye gurbin injin. 'Yan Kimiyyar Lab, ku auna ƙurar. Mu 'yan Kanikanci, mu rage ƙera abin da zai ƙare a sito bayan difens, mu je tasha da kasuwa mu tambayi masu aikin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ina kuma kira ga ƙungiyar ɗalibai ta shirya mana bita kan kare lafiya a wurin aiki kafin kowane rukuni ya fita SIWES, don kada wani ya yi irin shirun da na yi.

Yayana ya koma Magama. Likita ya ce ya bar ɗaukar nauyi, na roƙe shi, Inna ta roƙe shi. Ya ce saura simista ɗaya, in na gama sai a yi maganar. Ya ɗaure ƙugu da rawani ya fita.

Don haka duk ran da kuka ga tirela cike da kaya ta wuce ƙofar makaranta, ku tambayi kanku wa ya loda ta. Ku sa yayana a addu'a, da duk masu ci da guminsu. Allah Ya jiƙan Baba Tsoho da abokinsa da aka bari a Filato. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.